Goran Baffa da Igiyar Awo

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Daga ƙasƙantaccen bawa, mai guntun alƙalami da dogon harshe, Habu, mazaunin Mashayar Kuka a bakin kogi, zuwa ga fitilar zuriyarmu, garkuwar gidanmu, zakin tudu kuma kadan ruwa, wanda ya ƙetare kogi yana ɗan shekara tara hularsa ba ta jiƙe ba, inuwar giginya wadda mutanen Dutse ke sha mu na gindi muna shan rana, wato Yayana Tanko. Gaisuwa mai yawan yashin gaɓa, da ban girma mai nauyin duwatsun da ka fake a bayansu damina biyu cur. Ina gaida waɗanda ke leƙen takardar nan ta bayan kafaɗarka a zauren da ka sauka. Su matso, ba sirri ba ne, abin da ke cikinta kowa a garinmu ya sani.

Amma bayan haka, ina sanar da kai cewa kogi ya kawo. Na kafa kara a bakin mashaya don in riƙa ganin hawansa, kullum sau uku nake zuwa, kullum sai na tarar ya ci wata gaɓa. Zama ya gagare ni. Na ɗauki fartanya na ajiye, na ɗauki allo na ajiye, wannan takarda ma a tsaye na fara ta.

Dalili kuwa shi ne, Gwaggo ta aiko daga ƙetare, can wajen Taura. Idonta ya tafi, jikinta ya yi sanyi, ta ce a gaya wa Baffa ya zo ta ji muryarsa, don ba ta ga alamar za ta ci sabon gero ba. Ka san ruwan nan ba ya janyewa sai bayan girbi. Kwalekwale ɗaya da muke da shi an tafi da shi jigilar kayan Baturen rangadi, ba wanda ya san ranar dawowarsa. Baffa ya ce zai haye a kan gora. Liman ya roƙe shi da ƙyar ya yarda ya jira zuwa Juma'a. Yau Asabar.

Da a ce gora kawai ya ce, da ban ɓata tawadata ba. Tsattsewa ya ce.

Ka tuna Tsattsewa, ɗan goran nan nasa mai santsi da ke rataye a zaure, wanda ya yi kamun kifi da shi tun yana saurayi mai ƙugu kamar na zanzaro. To, Tsattsewa tana nan yadda ka bar ta. Baffa ne ba ya nan yadda ka bar shi. Allah Ya yi masa yalwar tumbi, yalwa irin wadda ake yi wa barka. In ya zauna a kan buzu, buzun ɓacewa yake yi. Gwiwarsa ta dama kuma tana kuka in hadari ya haɗu, numfashinsa ba ya kai shi daga gida zuwa masallaci sai ya tsaya ya gaisa da wanda bai yi niyyar gaisawa da shi ba.

Shekaranjiya na lallaɓe shi muka je tafkin bayan gari, inda ruwa bai wuce ƙirji ba, wai a gwada. Ya kifa cikinsa a kan Tsattsewa. Ya Yayana, na rantse da girman rawanin Liman, goran nan ɓacewa ya yi ɗungum, kamar an jefa ƙwai a cikin tuwo. Baffa ya buga ƙafa sau biyu, ya jirkice, sai ga tafin ƙafarsa yana gaida sama. Da na ɗago shi yana tari, abin da ya ce shi ne ruwan tafki malalaci ne, ba ya ɗaukar mutum, na kogi shi ya san shi. Na yi dariya a wurin. Da na dawo gida na tuna inda igiyar ruwa ke juyawa a ƙarƙashin gawon nan na bakin kogi, sai na daina dariya.

Yanzu sai in shimfiɗa maka Babin Gora da Hukunce-hukuncensa, kamar yadda muka ɗauko shi daga bakin mahaifinmu, Malam, Allah Ya jiƙansa. Na san ka fi ni saninsa. Don masu leƙe nake yi, kada su koma gida hannu rabbana.

Mas'ala ta farko. Malam ya ce, "Gora ba ya jin sarauta, nauyi yake ji." Mutum in ya kwanta a kansa, dole ne kashi ɗaya cikin uku na goran ya rage a sarari. In ruwa ya kai bakinsa kafin a bar gaɓa, to mai shi ba fito zai yi ba, wanka zai yi. Mai jiki sai babban gora, ko da shi ne ya koya wa kifi iyo.

Mas'ala ta biyu, wadda ita Baffa ya fi ƙi. Ƙaramin gora yana da sauri, yana juyawa da ɗan motsin kafaɗa, shi ya sa samari ke son sa. Amma mirginewa yake yi, kullum sai kana tare shi da ƙafa da hannu. Tsoho kuwa, ko siriri ne kamar sillen kara, ba shi da wannan ƙafar. Yana bukatar gora mai faɗin gindi wanda zai zauna da kansa, yadda in ya gaji a tsakiyar ruwa zai iya sakin jiki ya numfasa. Saurayi gora yake tuƙawa, tsoho gora ke riƙe shi. Don haka Malam yakan auna cikin mutum da igiya, ya ƙara taƙi biyu, sannan duk shekara goma da mutum ya ɗora a kan arba'in ya ƙara taƙi guda. Abin da ya fito shi ne faɗin cikin goran da ya dace da shi.

Akwai ta uku, don kada wani ya ce Habu ya yi fatawar a hau rumbu. In gora ya fi ƙarfin rungumar mai shi, hannu ba ya kai ruwa, iska ce za ta zaɓa masa inda zai sauka. Ka tuna masinjan Bature da ya ce a ba shi mafi girma don ya fi kowa muƙami. Sai a mashayar gari na gaba aka tsamo shi, yana rungume da gora yana kiran sunan uwarsa.

Ban zauna haka kawai ba. Irin duman da ka bari a cikin tulu na shuka shi bara a kan juji, ya ba ni gora guda wanda in ka gan shi sai ka cire takalmi. Kaurin bayansa ya kai yatsa, ka ƙwanƙwasa shi ya amsa kamar tambari. Na fafe shi, na shanya, na toshe ƴar tsagar da ke wuyansa da ƙaro. Na kai wa Baffa da ladabi. Ya dube shi ya ce in kai wa mata su zuba dawa. Na ce to a ɗaure goruna huɗu a ƙarƙashin gado mu tura shi, kamar yadda aka ƙetarar da Bature da akwatunansa. Ya ce, "Ni ba Nasara ba ne, ba kuma gawa ba, da za a ɗauke ni a kan gado." Inna ta yi magana, ya ce mace ba ta san ruwa ba sai na randa. Ni kuwa da na fara jero masa hujjoji, cewa ya yi in bari sai gemuna ya fito.

Na gane abin da ke damunsa, Yaya. Mutumin da aka yi wa kirari a bakin ruwan nan shekara talatin, yau a ce ya hau goran tsofaffi a gaban yaran da ya koya wa iyo. Kuma ba ya so Gwaggo ta ji labari. Ita a wurinta har yanzu shi ne ƙanenta ɗan saurayi mai tsere da tsuntsaye.

Mutum ɗaya ne Baffa bai taɓa yi wa musu ba, wato wansa Malam, shi kuwa yana kwance a maƙabarta.

Ka tuna igiyar awon Malam, ta rama, rinanniya da shuni, wadda kowane namiji a gidanmu yake da ƙullinsa a jiki. Ka tuna ranar da ya yi mini nawa, ina ta kumbura ciki don a ce na girma, ya daki cikin da yatsa ya ce in sako iskar mutane.

Ka tuna kuma wata rana da hantsi a daminarsa ta ƙarshe, yana jingine da bangon zaure, ni da kai muna gyaran komar kamun kifi. Baffa ya wuce da Tsattsewa a kafaɗa yana waƙa. Malam ya bi shi da kallo har ya sha kwana, sannan ya jawo igiyar, ya auna can kusa da ƙarshenta, ya yi wani sabon ƙulli. Ya ce, "Wannan na ƙanena ne in ya tsufa. Ba zai yarda ya tsufa ba, sai ku nuna masa." Kai ka sunkuyar da kai. Ni a lokacin ban san me ya sa ba.

Na ba Baffa wannan labari. Ya ce in kawo igiyar ya gani da idonsa. In ƙullin wansa ne, zai hau duk goran da ya cika shi, ko da rumbu ne. Na birkice gidan nan, daga rataya har ƙarƙashin turmi, babu igiya. Sai shaiɗan ya ba ni shawara. Na murza sabuwa, na rina, na tumurmusa ta a toka, na yi ƙulle-ƙulle. Baffa ya shafa sau ɗaya ya miƙo mini. Na manta Malam bahago ne. Ƙullinsa ta hagu yake kwanciya. Tun ranar Baffa bai ƙara kallon inda nake ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Gidan nan ya yi mana faɗi tun da dogarai suka tafi da ku aikin ginin bariki. An gama ginin, kowa ya dawo, kai ka zauna. Ban tambaye ka dalili ba, yau ma ba zan tambaya ba. Inna dai har yanzu takan zuba tuwon mutum uku ta mayar da ɗaya. Ni kuwa duk manyan kalmomin nan da nake jerawa, da kana nan da kalma biyu ka gama zancen.

Allah Ya tsare ka a inda kake, Ya sa albarka a abin da ya riƙe ka. Allah Ya ba Gwaggo kwana har ta ji muryar ƙanenta. Allah Ya ƙetarar da Baffa lafiya, Ya dawo mana da shi lafiya, Ya haskaka kabarin wanda ya hango mana wannan rana. Amin.

Saura magana ɗaya, ƴar ƙarama, wadda saboda ita na dama tawada. Mai dabinon da zai miƙa maka takardar nan ya ce ya gan ka a kasuwar Dutse ka ɗaga hannu kana sauke kaya, sai ga wata shuɗiyar igiya mai ƙulle-ƙulle tana lilo a ƙarƙashin rigarka. Nan take na tuna safiyar tafiyarku, da zariyarka ta tsinke, dogari yana ƙwala kira a ƙofa, ka fizgi abin da hannunka ya samu a bango.

Don girman Allah, ya zakin tudu, ka kwance zariyar wandonka ka ba mutumin nan. Zai iso gare ka Litinin, zai juyo Talata. Kada ka wanke ta, kada ka taɓa ƙulli ko ɗaya. Ga sabuwa nan na naɗe a cikin takarda, ita ce wadda Baffa ya ƙi. Ba ta yaudari kowa ba, amma za ta riƙe wando.

In kuwa ka ga ba za ka iya rabuwa da ita ba, to ka taho da ita a jikinka. Tuwonka yana nan.

Wassalam. Ƙanenka mai jiran Alhamis a bakin mashaya,

Habu.