Ɗan Ƙarfen Gaya Ya Buɗe Baki

Gaya,
Litinin, 17 ga Yuli, 1978.

Zuwa ga Lauratu, sanyin idona, ruwan farko a kan ƙasar da ta gaji da jira, inuwar tsamiya ga matafiyin azahar, nonon safe a sabuwar ƙwarya, zumar da ƙudan zuma suka ɓoye a ƙololuwar kuka don kada hannun kowa ya kai!

Bayan gaisuwa mai yawa, wadda ta fi ganyen geron da ke tsakanin Gaya da Toranke, ina fatan kina lafiya, ke da Baffa da Inna da duk mutanen gida.

Wannan ce takarda ta huɗu. Ukun farko suna ƙarƙashin teburina a yayyage, cikin guntayen waya da matattun batura. Tun da hantsi na kwance rediyon wani mutumin Kademi na rasa ta inda zan fara mayarwa. In zauna, in miƙe, in leƙa titi, in dawo, kamar kazar da ke neman wurin yin ƙwai. Me kika yi mini, Lauratu? A'a, astagfirullah. Me na yi miki, shi ne abin tambaya. Kin san i'inar da aka haife ni da ita, kin san yadda kalma ke tsaya mini a maƙogwaro kamar jakin da ya ga rafi. Alƙalami kuwa ba ya i'ina, don haka yau zan faɗa miki komai.

Kin tuna ranar da Kawunki Datti ya sauke akwatin talabijin daga Kano, ya aika a kira ni in ɗaura masa eriya? Ina kan soro rungume da doguwar gora, iskar hadari tana neman jefo ni, ke kina ƙasa bakin taga kina duba akwatin kina ƙwala mini kira: ya fito, ya tafi, koma hagu, a'a ka wuce, tsaya nan! Wallahi tun a juyi na biyu na san inda Kano take. Da gangan na yi ta wucewa, don muryarki ta ci gaba da hawowa sama tana samuna. Wace sarewar makiyayi ce ta kai ta? Wace kurciya ce a kan gawo? Da Kawu bai fito ya ce za a yi ruwa ba, da har yanzu ina kan soron nan.

Sai ga Asabar ɗin da aka fara nuna wasan nan bayan la'asar, na jirgin da ke yawo tsakanin taurari da mutum-mutumin ƙarfe a cikinsa, mai idanu kamar tocila biyu. Ke kina bayan zana tare da mata, ba ki ga fuskokin maza ba, ni na gani. Kakarki Dada dai kin ji ta, ta ja a'uziyya ta ce a rufe randuna kada ya leƙa, amma ita ce ta riga kowa shimfiɗa tabarma a mako na gaba, tana tambaya ko an ba bawan Allahn nan abinci tun wancan satin. Barau maƙeri ya ce wanda ya ƙera gwiwar nan bai iya aiki ba, a kawo masa shi maƙera kwana biyu ya daina ɗingishi. Manoman Kademi suka yi ta musu kan ko zai iya nome gona guda kafin azahar, wani makiyayi ya ce shanu ba sa bin abin da ba shi da wari. Wasu suka rantse mutum ne aka cusa a cikin garwa, wasu suka ce aljani ne Turawa suka ɗaure. Da yake da Turanci ake yi, kowa ya tashi da labarinsa, aka kwashe mako guda ana jayayya a kasuwa. Amma a kan abu ɗaya bakinsu ya haɗu: Ɗan Ƙarfe mugu ne, kuma yarinyar nan marar lafiya da yake yawan tsayawa a kanta, jira yake ya halaka ta.

Ni na ji abin da yake faɗa. Ɗan Turancin da na kwaso a firamare da wurin koyon gyaran rediyo ya ishe ni. Ban gaya wa kowa ba, don na san abin da ke faruwa in na buɗe baki a taro.

Asabar ta biyu kuwa, kaico! Wani abu ya lalace a ƙirjin Ɗan Ƙarfen, maganarsa ta riƙa sarƙewa, yana maimaita farkon kalma yana kasa ƙarasawa. Sai Kabo mahauci ya miƙe ya ce wallahi Abdulsalam ne aka sa a akwati, in tashi in fassara musu abin da ɗan'uwana yake cewa. Filin ya kece da dariya. Ba ta dame ni ba, shekara ashirin da shida ina jin irinta. Amma na waiwaya bakin zana, na hango ki kin rufe fuska da mayafi, kafaɗunki suna rawa. Nan ƙasa ta tsage mini. Na ce har ke? Na ɗauki takalmana na fice ban waiwayo ba.

Kwana goma sha takwas, Lauratu! Kwana goma sha takwas ina zagaye ta bayan makabarta don kada in bi ta ƙofar gidan Kawu. Na aika masa cewa zazzaɓi nake yi. Na ci abinci ban san ɗanɗanonsa ba, na yi salla ina mantuwar raka'a, na ƙulla miki laifin da ba ki yi ba ina ta shayar da shi ruwa kamar mai rainon dashe.

Ranar Laraba Barau ya shigo rumfata, ko sallama bai ƙarasa ba ya ce: “Kai wane irin mutum ne? Yarinya ta tsaya maka a gaban maza hamsin, kai kana nan kana hura wa rediyo ƙura?” Shi ya gaya mini ba dariya kike ba, kuka ne na takaici. Ya ce ina fita kika zagayo zana, kika ratsa tabarmin maza, kika tsaya a gaban akwatin kika tare shi da jikinki. Ya ce kowa ya ji kin ce: “Wanda ya hau soro cikin hadari ya kamo muku hoton nan, shi kuke wa dariya? In akwai mai iyawa a cikinku, ya tashi.” Sannan kika fizge wayar, hoton ya mutu. Kunya ta kama Kawu, washegari ya sa ki a mota zuwa Toranke.

Wayyo ni! Zakanya ta fito fili saboda ni, ni kuwa na shige rami kamar gafiya. Kin rasa zaman Gaya, kin sha surutun mata, kina can kina sauraron ko zan aiko da kalma ɗaya, ni ina nan ina fushi da ke! Da wane ruwa ake wanke irin wannan?

Abin da ya faru ranar Alhamis kin san rabinsa. Ba ki ga yadda na saɓa keke a kafaɗa na ratsa fadama zuwa Toranke, taɓo har gwiwa ba. Na tarar da Baffa, Malam Bubayero, a gindin durumi yana tufka igiyar shanu. Na durƙusa na fara magana, harshe ya ƙi. Bai ɗago ya dube ni ba, bai kuma gaggauta ni ba, ya ci gaba da tufkarsa har na kai ƙarshe, na ce ina neman izini iyayena su zo. Sai ya ce: “Na ji, ɗana. Amma ba ni ka bari a tsaye ba.” Ya aika ciki. Inna ta fito da ƙwaryar fura da saƙonki, wai a gaya mini kin gaji da tsaya wa mai gudu. Na shanye furar don kunyar Inna, amma Allah ya sani kamar ƙaya nake haɗiya. Kin yi gaskiya, hasken raina. Ban zo in musa ba.

Ga kuma wani abin da ba ki sani ba. Shekaranjiya Asabar na koma gidan Kawu. Ban zauna a baya inda na saba ba, na je na tsaya daidai inda aka ce kin tsaya, na ce zan fassara. Kabo ya fara darawa. Wasa ya soma, na buɗe baki, kalmar farko ta maƙale. Gumi ya jiƙa mini riga, ina jin ƙus-ƙus ta ko'ina, ƙafata tana cewa ga hanya. Sai muryar Dada ta fito daga bayan zana: “Ku rufe mana baki mu ji! Ɗan nan, bi a hankali, ba inda za mu.” Na bi a hankali. Ina baya, hoto yana gaba, amma na faɗa musu: Ɗan Ƙarfe ba halaka yarinyar yake nufi ba. Jinyarta yake. Tun makon farko roƙon shugaban jirgin yake a juya a kai ta inda magani yake, kuma maganarsa ta lalace ne don ya cire wani abu daga ƙirjinsa ya sa a injin da ke taimaka mata numfashi.

Da kin ga filin nan! Tsit, sai ƙarar injin wuta. Wani dattijon Kademi ya ce subhanallahi, mun ɗauki alhakinsa wata guda. Barau ya ce shi dama tun farko ya ga alamar kirki a tafiyarsa, aka yi masa ca. Dada kuwa kuka ta sa, tana cewa ai ta faɗa a ba shi abinci. Da aka tashi sallar magariba Kabo ya biyo ni, ya kasa haɗa ido da ni, ya danƙa mini tsire a takarda ya ce Asabar ma in zo. Kawu ya riƙe hannuna ya ce in gaya miki ɗakinki yana nan yadda kika bar shi. Sunan dai ya bi ni, duk kasuwa Ɗan Ƙarfe ake kirana, ni kuma ina amsawa.

Ban faɗi wannan don ki yaba mini ba. Abin da kika yi a numfashi ɗaya, ni sai da na kwashe mako uku. Amma ina so ki sani na tsaya, kuma duk tsawon tsayuwar nan bakin zana nake kallo, inda babu ke. Mene ne amfanin gari ya saurare ni in kunnen da nake nema yana Toranke? Gero ya yi kore, tafkuna sun cika, kowa yana cewa damina ta yi albarka, ni kaɗai nake cikin fari!

Ki yafe mini, ya ke furen fadama, ya ke tauraruwar da makiyayi ke bi ya koma ruga. Azumi ya ƙarato, ba na so watan ya kama ni da haƙƙinki a wuya. Na yi miki alkawari ba zan sake yanke miki hukunci daga nesa ba, ba kuma zan sake barin ki a tsaye ke kaɗai ba, ko a gaban mutum hamsin ko a gaban duniya.

Gata, Alhamis, zan sake zuwa, ko da fadama ta kai wuya. Akwai tambayar da na ƙi rubutawa a nan, don ba ta takarda ba ce. Da bakina zan yi miki ita, a zauren Baffa. Za ta ɗauki lokaci, wataƙila in tsaya sau goma a hanya. Roƙona ɗaya: ko kin gane inda na dosa, kada ki ƙarasa mini. Ki bar ni in kai ƙarshenta da kaina, sannan ki ba ni amsar da kika ga dama.

Ni ne naki, yau da gobe, har ranar da za a mayar da ni ƙasa,

Abdulsalam mai gyaran rediyo,
Kasuwar Gaya.