Ramin da Kuka Haƙa Ya Iso Kabarin Innata

Zuwa ga Mai Girma Kansilan mazaɓarmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da jama'a. Ranka ya daɗe, ni manomin rake ne, karatuna bai wuce firamare ba, a gafarce ni in magana ta fito yadda take.

Ran Juma'ar da ta wuce, bayan ruwan da aka kwana ana yi, na fito da sassafe zan tafi fadama. Na bi ta maƙabarta in yi wa Inna addu'a kamar kullum. Sai na tarar gaɓar ramin da ke gefen maƙabartar ta zabtare. Itatuwan da muka jera a kan kabarinta da hannunmu, wasu sun leƙo waje, ruwa yana wucewa ta ƙarƙashinsu. Ban ga likkafani ba tukuna. Amma ruwa ɗaya ya rage ya fito.

Na ɗaya. Ka sani, kai ma ɗan ƙasar nan ne, da can babu rami a wurin. Ciyawar jema da gamba ce kakanninmu suka shuka a bakin rafi, saiwarta ke riƙe ƙasa. Ba a yankanta sai da kaka, don saƙar zana, kuma ba a tumɓuke ta. Ko makiyaya kewayewa suke yi da shanunsu.

Na biyu. Ana gab da zaɓe kuka kawo buldoza, kuka kankare ciyawar kaf, kuka ce magudanar siminti za a yi mana irin ta birni. Aka haƙa rami, aka kafa allo mai hotonka. Aka gama zaɓe, buldoza ta tafi. Abin da ya dawo sai tifofi, suna ɗibar yashi a cikin ramin. Allon kansa ruwa ya cinye shi bara.

Na uku, kuma shi ya fi ci mini rai. Na yi ta zarya ofishinka. Yau a ce oga yana Kaduna, gobe a ce sai bayan Sallah. Wani yaronka har dariya ya yi, wai matattu ai ba su da katin zaɓe. Na haƙura. Muka kira gayya da bazara, muka cika buhuna da ƙasa, muka samo saiwar jema daga wajen ƙauyen Taba. Sai aka aiko mana cewa kwangila ba ta rufe ba, wanda ya taɓa wurin ya taɓa aikin gwamnati. Ku ba ku gyara ba, mu kun hana mu.

Ranka ya daɗe, na daina roƙon siminti. A dakatar da tifofi. A ƙyale mu mu mayar da ciyawarmu. In da hali, a ba mu mota guda ta duwatsu. Liman ya ce in abu ya gagara sai mu tono mamatanmu mu canza musu makwanci. Na sa Inna a ƙasa sau ɗaya, ba na son in sake.

Allah ya ba ka ikon sauke nauyin jama'a, ya sa iyayenka suna kwance lafiya inda suke.

Kada a ce sharri na yi. Malam Idi mai haƙan kabari ya gani. Buba ɗan Arɗo ya gani, lokacin da zai kai shanu mashaya. Baba Yohanna mai gyaran injin ban-ruwa ya gani, shi ya tuɓe rigarsa ya rufe itatuwan kafin ƙannena mata su iso.

Wassalam.

Naka,
Sa'idu mai rake, Unguwar Bakin Rafi