Na Gano Turken, Mulikatu

Zuwa ga sanyin idona, ruwan randata na tsakar rana, kaɗanyar da ba ta taɓa yi mini rowar inuwa ba, Mulikatu Maman Suhuyini.

Ina gaishe ki gaisuwar mai laifi, wanda ya durƙusa har gwiwarsa ta yi ƙara. Ya farin watan Nyohini! Yau kwana tara ke nan da kika ɗauki jakarki kika koma gidan yayarki Hasanatu a Kasalgu. Kwana tara ina cin tuwon bakin titi kamar gwauro, kowace loma tana sauka kamar tsakuwa. Ashe gida yana iya yin faɗi haka? Ashe shirun mutum ɗaya yana iya cika ɗaki uku?

Na san laifina, kuma ba zan sa masa riga ba. Da likita ya ce jininki ya hau, ki riƙa tafiya a ƙasa, sai kika shiga cikin malaman makarantar nan masu fita ran Asabar. Kuna bin lambobi a waya har cikin daji, kuna neman turakun siminti da 'yan safiyo, masu awon ƙasa, suka kafa a kan tuddai tun ba a haife mu ba. Kusa da kowane turke wani ya ɓoye gwangwani da ɗan littafi, wanda ya gano sai ya rubuta sunansa. Kina dawowa da ƙarangiya a zane, fuskarki tana sheƙi kamar ganyen masara bayan ruwa. Ni kuwa, Iddrisu mai tumbi, wanda yake hawa moto, wato babur, zuwa masallacin da ke bayan gidanmu, me na yi? Ranar suna a Gumbihini, gaban ƙawayenki, na buɗe bakin nan nawa na ce matan mutane suna shirin Makka, tawa tana zuwa daji gaida siminti. Kowa ya yi dariya. Ke kuwa kika rufe kwanon abincinki a hankali, kika gyara mayafi. Wayyo ni! Da ma harshena ya maƙale a ganɗa!

Gaskiyar ita ce kishi ne, ya zumar rayuwata. Shekara ashirin da huɗu ni ke sa ki wannan fara'a, sai ga shi dunƙulen siminti ya fi ni iyawa.

Ran Talata na rufe shagon kayan moto, na kwafi lambobin da kika rubuta a bayan kalanda, na turken hanyar Kumbungu wanda kika je sau uku ba ki samu ba, mai sabon gwangwanin da kika ce ba wanda ya taɓa ganowa. Na ce zan nuna miki abin ba wuya kuraa, ko kaɗan. Na sa takalmina na Juma'a. Ban ɗauki ruwa ba, don ina ganin ni namiji ne.

Ya ƙamshin damina, ya kukan kurciyar safe, me ya sa ba ki taɓa gaya mini ciyawa tana da haƙora ba? Gamba ta fi ni tsawo. Kibiyar wayar ta ce gabas, na yi gabas, ta juya ta ce yamma. Tudun da nake rainawa daga bakin titi ya zame mini kamar tsanin sama. Laka ta haɗiye takalmi ɗaya, ƙaya ta tsaga wandona a wurin da ba zan rubuta ba, zirnaƙo ya sumbace ni a fatar ido har na koma kallon duniya da ido guda. Da rana ta take, na faɗi zaune a kan wani abu ƙarƙashin ɗorawa, na kira sunanki da ƙarfi. Na yi kuka, Mulikatu, kukan ƙaton mutum mai furfura.

Ina nan sai ga wata dattijuwar Bafulatana da ƙwaryar nono a ka. Ta dube ni tun daga ƙafar da ba takalmi har zuwa kumburarren ido, ta ce, "Baba, ɗaga mini, nan nake sauke kayana kullum." Na miƙe. Abin da na danne da mazaunaina kusan awa guda shi ne turken! Gajere, gara ta lulluɓe shi da ƙasa, ga faifan tagulla a kansa da lambobi. Ta ba ni nono a ludayi, ta tambaya ko ina da mai kula da ni a gida.

Gwangwanin yana cikin kogon ɗorawar. Da na buɗe shi, ƙirjina yana bugawa kamar ranar da na fara tsayawa a ƙofar gidanku. A nan na gane abin da kike zuwa nema, na kuma gane girman abin da na yi wa dariya. Littafin fari fat, da fensir sabo. Na riƙe fensirin, na daɗe, sannan na mayar da shi na rufe. Shafin farko naki ne. Ke kika sha rana sau uku dominsa, ni zama kawai na yi a kansa.

Ga maganinki na hawan jini da kika bari a kan firji, na haɗo shi da wannan takarda. Ko ba ki yafe mini ba, don Allah ki sha. In kuwa zuciyarki ta yi sanyi, ya tauraruwar asubata, ki zo ran Asabar mu je tare. Zan ɗauki ruwan, zan yi shiru, zan bi bayanki. Dole ma in bi, don wallahi ban tabbata zan sake gane hanyar ba.

Naki da ido ɗaya da takalmi ɗaya, naki har ranar da za a kafa nawa dutsen a kaina,

Iddrisu