Daga Ina Ka Bugo, Yaya?

Zuwa ga yayana, daga Tawa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga wanta, ina fatan kana lafiya a duk inda rana ta fito maka. Ban san inda zan aika da takardar nan ba, amma hannuna ya ƙi haƙura.

Ka tuna ranar da ka bar Barmu, bayan girbin da bai cika rumbu ba, ka ce Libiya za ka nema. Ka biyo ta ɗakina a nan Tawa ka cinye tuwon da na ajiye don ɗumame, ka ce malamar makarantar lakwal da ba a biya albashi ba, ai ita ma baƙuwa ce a gidanta. Har yau ban rama ba.

Muka daɗe ba labarinka. Wata Lahadi Inna ta zo cin kasuwa, sai Malam Yohana, mai kula da ɗakin kira a gidan waya, ya aiko cewa ka bugo kuma za ka sake bugowa da la'asar. Ni ina wurin taron malamai masu yajin aiki. Inna ta tafi ita kaɗai.

Kai ne ɗan farinta. Ka san ba ta taɓa kiran sunanka ba, "wancan" take ce maka, kuma ba ta nuna damuwa da kai a gaban mutane. Ɗakin kuwa cike yake da masu jira. Ka ce, "Inna, ba ni da lahiya." Kunya ta riƙe mata harshe, ta ce, "To, Allah shi sawwaƙa." Tana jiran idanu su kauce ta tambaye ka inda kake, sai layi ya yanke.

Washegari na je wurin jandarmomi. Babbansu ya ce arewa faɗi gare ta, hanyoyi kuma ba lafiya saboda tawaye, ba zai tura mota ba sai ya san garin. Ya ce gidan waya na iya gano inda kiran ya fito. Na nufi can da gudu, Malam Yohana ya kawar da kai ya ce, "Zamanin soja na ga waɗanda anka kama don wayar da sunka buga. Yanzu doka ta ce sai da hannun alƙali." Na yi fushi da shi, kuma na san ba mugunta ba ce. Kotu tana rufe, su ma yajin aiki suke. Ni da nake cikin nawa yajin, wa zan zaga?

Kafin alƙali ya sa hannu, makonni sun shuɗe. Amsa ta zo: Abalak. Ina can ina hango ka cikin rairayin Libiya, ashe kana inda mota ke zuwa ta dawo rana ba ta faɗi ba.

Da na je can, wani mai shayi a tashar Abalak ya tuna da kai. Ya ce ka yi kwanaki a rumfarsa da zazzaɓi, duk motar da ta shigo daga Tawa sai ka ɗaga kai, kana cewa ka faɗa wa mutanenka kuma suna tafe. Ina jin ka faɗi sunan garin bayan layi ya riga ya yanke. Daga baya ka hau wata babbar mota da ta yi arewa. Abin da ke hana ni barci shi ne ka tafi kana zaton mun ji mun ƙi zuwa.

Inna ta ƙi komawa Barmu. Muna ɗaki ɗaya, amma kowa da nasa shirun. Kowace Lahadi da la'asar sai ta je gidan waya ta zauna kan benci, Malam Yohana kuwa ba ya korarta. Makon jiya na je ɗauko ta, na tarar ta riƙe kan waya alhali ba kowa a layi, mutane cike da ɗakin. Ta ce, "Salifu, ina kake?" Tun da aka haife ni, ranar na fara jin sunanka a bakinta.

Yaya, in ka sake bugowa, ka fara da sunan garin. Gaisuwa ta biyo baya.

Allah Ya ba ka lafiya in kana raye, Ya karkato da kai gida. In kuwa ta Allah ta kasance, Ya sa hannun kirki ne ya rufe ka.

Ƙanwarka mai jira,
Zainabu