Na sa an daina tafasa ruwa a unguwarmu

Assalamu alaikum. Admin, a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara kafin damina ta kankama.

Kemistiri na karanta, na gama hidimar ƙasa ban samu aiki ba, na koma ƙauyenmu a ƙasar Bici. Bara amai da gudawa ya ɗauke mana mutane, itace kuma ya yi tsadar da tafasa ruwan sha ya gagari yawancin gidaje. Sai na haɗa wata ƴar na'ura da batirin sola, ruwan gishiri ya shiga ta bututu, ya ratsa tsakanin farantai biyu masu wuta, ya fito ya zama kulorin, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, in zuba a tankin unguwa. Kawuna ne mai unguwa, ya miƙe bayan sallar Juma'a ya ce ruwan tanki ya gyaru, kowa ya huta da tafasawa. Ban sa shi ba, amma ban hana shi ba, daɗi ma na ji.

Makon jiya na ji warin kulorin ya ragu, sai na ɗiga zoɓo a bakin bututun don in ga hanyar da ruwan yake bi. Ashe ba ya gauraya. Jan ya zirara ta gefe ya fice da sauri, kusan bai taɓa farantan ba, saura ya kwanta a kusurwa ya ƙi motsi. Ke nan, in na fahimta daidai, wata rana magani nake zubawa, wata rana kusan ruwan gishiri ne kawai. Ba ni da abin awo sai hancina.

Na samu Kawu, ya ce in ja bakina in gyara a ɓoye, wai in maganar ta fita na kunyata shi, kuma duk wanda ya kwanta ni za a ɗora wa. Na ce gyaran zai iya cin sati uku, wataƙila fiye. Ya ce Allah ne mai tsarewa, ya ƙara muryar rediyonsa.

Shekaranjiya jikar maƙwabciyarmu Inna Laure ta fara gudawa. Ba zan rantse ruwan ne ba, lokacin mangwaro ne. Amma yau da safe Inna Laure ta tare ni a bakin famfon tankin ta ce, "Malam injiniya, da ruwanka nake haɗa mata gishiri da sukari, ai ya fi na rijiya ko?" Na ce ta dai tafasa. Ta yi dariya ta ce, "Da wane icen?"

Jibi Juma'a, hadari kuma tun jiya yake haɗowa a gabas. In miƙe a masallaci in ƙaryata Kawu a gaban jama'a, ko in yi shiru in ci gaba da gyara? Ku da kuke ni, me za ku yi?