Hannun Haladu a Bangon Zaure

Zuwa ga Goggo Zinariya,

Bayan gaisuwa mai yawa, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure. Ki yi haƙuri da rubutuna, karatun yaƙi da jahilci na yi, kuma ban taɓa rubuta wa jarida ba.

Mijina Haladu ya rasu wata bakwai ke nan. Shekara ashirin da shida muka yi tare a Gwadabawa, cikin Jimeta. Masaƙi ne, ɗan masaƙi. Kakansa ne ya zo daga ƙasar Kano tun jiragen ruwa na farko suna hawa Binuwai, ya gina gidan da muke ciki. Ɗakunan ciki duk an sake su, amma zauren yana nan yadda ya bar shi, ginin ƙasa mai kauri, rufin azara, ko a watan zafi in ka shiga sai ka ji sanyi. A ciki Haladu ya tara kayan saƙar kakansa, da tsofaffin ƙore masu zane, da ganguna biyu da ba wanda ya iya kaɗa su yanzu. Burinsa zauren ya zama wurin da za a riƙa zuwa gani, a kuma koyar da saƙa. Ya yi ta rubuta wa hukuma takarda Maiduguri a kan haka. Amsa ba ta zo ba sai ina cikin takaba. Sun yarda, kuma magada sun amince a bar zauren waƙafi. Takardar ta ce iyali su zaɓi waɗanda za su tsara gyaran su aika suna. Ƙaninsa Lado ya ce ni zan zaɓa, tunda ni na fi sanin zuciyar marigayi. Goggo, ashe ban sani ba.

Mutum biyu suka zo. Na farko Malam Manasseh daga Demsawo, ya yi karatun zanen gini a Zariya, yana aiki da kafinta Silas, matarsa Keturah kuma malamar makaranta ce, ita za ta jera kayan ta rubuta bayanin kowanne. Mutane ne masu ladabi, Malam Manasseh ya cire takalmi tun daga waje. Kwana biyu yana awo, sannan ya kawo mini zane a babbar takarda. Na kalla na kalla ban gane ba, sai da Keturah ta juya mini takardar, ashe a kife na riƙe ta. Ya ce za a shafe bangon da siminti, a ɗora kwano a sama, a buɗe taga biyu don haske.

Na biyun Baba Nata'ala, tsohon magini, shi da 'ya'yansa uku. Bai kawo takarda ba. Da na tambaye shi zane sai ya nuna kansa, ya ce a nan yake, kuma gara ba ta cin irin wannan takarda. Ya bi bangon yana ƙwanƙwasawa yana kara kunne kamar mai duba mara lafiya. Ya ce siminti a jikin ƙasa kamar rigar leda ce a jikin mai zazzaɓi, gumin ba zai fita ba. Shi yaɓe zai sake da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ke hana bango shan ruwa, ya canza azara huɗu, ya gyara indararo. Da na kai wa Malam Manasseh wannan magana ya yi murmushi, ya ce Baba gwani ne, amma ya haura saba'in, wa zai riƙa yaɓe duk shekara bayansa? Da na mayar wa Baba, ya ce a tambayi ɗan boko shekarar simintinsa nawa a duniya, zauren nan kuma nawa.

Da wannan ne kawai da na bi Lado, shi Baba yake so. Abin da ke cina daban ne. A gidan nan al'ada ce, duk shekara in an gama yaɓe, maigida ya danna tafin hannunsa na dama a ɗanyen bangon, a gefen ƙofar zaure. Na bara yana nan, hannun Haladu, har da ƙaramin yatsansa da ya karkace tun yana yaro. Shi kaɗai ya rage mini, ko hoto bai taɓa yarda an ɗauke shi ba. Kullum da safe in zan share zaure sai na ɗora hannuna a ciki. Nasa ya fi nawa girma sosai.

Malam Manasseh ya ce zai sa masa gilashi da katako a kewaye, ba abin da zai taɓa shi. Baba Nata'ala ya ƙwanƙwasa daidai wurin, ya ce ciki ya zama rami, yana amsawa kamar ganga, dole a ɓamɓare a sake, in ba haka ba ruwa biyu masu ƙarfi za su kawo gefen ƙofar ƙasa. Na fashe da kuka a gabansa. Ya jira na gama, sannan ya kira ni Adda, wato Yaya, ya ce hannun uban Haladu ma yana ƙarƙashin wannan, na kakansa yana can ciki. To ni ban zauna da su ba, da Haladu na zauna.

Ga kuma wasiyya. Kwana biyu kafin rasuwarsa ya sa aka kai shi zaure, ya kwanta a tabarma kusa da masaƙa da hantsi. Ya daɗe yana kallon wajen ƙofa, sannan ya ce mini, "Kaltume, kar ki bari a rufe shi." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ni na ɗauka hannun yake nufi, kar a rufe shi da sabon yaɓe. Lado ya ce ƙofa yake nufi, kar a kulle zaure a hana mutane. Na ce masa ai da ƙofa ce da "ita" zai ce. Lado ya yi dariya har da hawaye, ya ce yaushe Hamma, haka yake kiran yayan nasa, ya taɓa ce wa wani abu "ita"? Kuma gaskiyarsa, Goggo. Hausar Jimeta ce a bakinsa, akuya "shi", rana "shi", ni kaina in yana ba da labarina sai ya ce matana ya tafi kasuwa. Shekara ashirin da shida ina gyara masa yana mini dariya, yau ga inda abin ya kai ni.

Jiya na rubuta sunan Malam Manasseh a takardar, na goge. Na rubuta na Baba, shi ma na goge. In na zaɓi mai gilashi bangon ya faɗi, na kashe zauren. In na zaɓi mai makuba kuma ashe hannun yake nufi, na ci amanar mamaci da hannuna. 'Yata Hansai ta ce in yi istihara, na yi, na tashi da ciwon kai kawai. Hadari ya fara haɗuwa ta wajen duwatsun Bagale. Wa zan zaɓa?

Ni ce,
Mai share zaure, Gwadabawa, Jimeta.

*

'Yar'uwa Mai share zaure,

Allah ya jiƙan Malam Haladu, ya sa ya huta, ke kuma ya ƙara miki haƙuri. Rubutunki ba abin da ya same shi, na karanta har sau uku.

Tambaya biyu kika haɗa wuri ɗaya, shi ya sa kanki ya ɗaure. Mu fara da mai sauƙin, wato masu aiki. Kowannensu ya faɗi gaskiya. Baba Nata'ala ya san bangon ƙasa, kuma na sha ganin simintin da aka shafa wa irin wannan gini ya zame ya faɗo falle guda bayan damina uku, ya taho da rabin bangon. Malam Manasseh ma bai yi ƙarya ba, ilmin da ke cikin kan mutum ɗaya yana tafiya da shi, kuma zauren da baƙi za su riƙa shiga yana bukatar haske da tsari da bayani, abin da Baba bai ce zai yi ba.

Kafin ki sa hannu, ki sa Lado ya raka ki ki ga aikin kowannensu wanda ya sha damina uku ko fiye. Ki tambayi mutanen gidan, ba masu aikin ba. Sannan ki daina kai saƙo tsakaninsu, kina gajiyar da kanki a banza. Ki tara su a zauren rana ɗaya gaban jauro, mai unguwarku, Baba ya ƙwanƙwasa wurin, Malam Manasseh ya kara nasa kunnen. Mai ilmi na gaske in ya ji ramin ba zai ja ba. Takardar "waɗanda" ta ce, ba ta ce mutum ɗaya ba, don haka ina ganin ki aika sunayen biyu, amma a rubuta iyakar kowa. Bango da rufi, maganar Baba ce ta ƙarshe. Awo, da zane, da wurin taga, da jeren kaya, na Malam Manasseh da matarsa, sai dai ba za a huda bango ba sai Baba ya yarda. Ki kuma sa sharaɗi Malam Manasseh ya rubuta yadda ake haɗa makuba da yadda ake yaɓe, ɗaya daga 'ya'yan Baba ya ɗauki nauyin zuwa duk shekara. Wanda ya ƙi zama da ɗan'uwansa a kan haka ya rage miki aikin zaɓe.

Sai wasiyya. Ba ni da yadda zan san abin da yake nufi, Lado ma haka, ke ma haka, kuma Allah ba zai kama ki da kalmar da kika kasa warwarewa ba. Amma in maganar mutum ta rikice, sai a duba aikinsa. A shekara ashirin da shidan nan, sau nawa kika ga ya rufe hannunsa na bara da sabon yaɓe ba tare da ya ko waiwaya ba? Shi ne ya rufe na mahaifinsa. Sau nawa kuma kika ga ya kulle zauren a fuskar mai son shiga? Mutumin da ya yi ta rubuta takarda Maiduguri, ba don tafin hannunsa ya yi ba.

Ban ce ki saki hannun haka kawai ba. Haƙƙinki ne ki so shi. Gobe goben nan ki kira mai hoto ya ɗauka, na kusa da na nesa, ki sa naki kusa da shi. Malam Manasseh ya shimfiɗa takarda mara kauri ya kwafi shatinsa, har karkataccen yatsan. Ki roƙi Baba ya gwada yanko wurin falle guda a kan katako. In ya fito lafiya, ga aikin gilashin Silas ya samu, a rataye a ciki inda ruwa ba ya kai. Amma ki shirya zuciyarki, ƙasar da cikinta ya ruɓe tana iya marmashewa, kuma in ta marmashe ba laifin kowa ba ne.

Kar ki bari hadarin nan ya riga ki. Ranar da aka gama yaɓe, tun bango yana ɗanye, gefen ƙofar zai bukaci hannu. Ke aka bar wa zauren, ke kike share shi. Ki danna naki a inda nasa yake, ko da ya fi nasa ƙanƙanta, sannan ki bar ƙofar a buɗe.

Allah ya sa a yi aikin lafiya, ya ba ki sanyin zuciya, ya raya Hansai.

Taki,
Goggo Zinariya