Kihin Kawu Sun Mutu, an Ɗora ma Inna, Alhali Ni Ce

Salamu alaikum admin, ina gaishe ka da duk masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, lambata ma kar ta hita. Kuma kahin kowa shi hau ni da zagi, ku bari in kai ƙarshe, na riga na zagi kaina ya isa. Na san wasu za su yi dariya su ce wai kihi, kihin ma na ado da ko miya ba a yi da shi. Ni ma da labarin wata ne da na yi dariya. Amma tsohuwar da tag goya ni ce anka hana ma shiga gidan ƙanenta, kuma ni nij ja mata.

Ni mace ce, shekarata ashirin da shida, Yamai nike zaune. Ina aiki wani butik inda muke saida kihin ado da akwatin gilashin da ake sa su, akwariyom. Asalinmu Filinge. Uwata ta rasu ina ƙarama, yayarta ce tar riƙe ni, ita nike kira Inna. Ƙanensu shi ne Kawu, tsohon malamin lakkwal, wato makarantar boko, ya aje aiki ya koma gida. Bara hawan jini yak kada shi, da anka kawo shi Yamai wurin likita yag ga akwariyom ɗakin jira, yaz zauna shina kallo har anka kira sunanshi sau biyu bai ji ba. Da munka hito yac ce, "Ɗiyata, irin abin ga kuke saidawa? Tun da nik kwanta ciwo zuciyata ba ta natsu ba sai gaban kihin ga." Ɗiyanshi sunka haɗu sunka saya mishi, da panno, allon nan mai jawo wuta daga rana, saboda yawan ɗauke wutar lantarki, ni kuma anka ce in tahi in haɗa.

Ga abin da wanda bai san aikin ba ya kamata shi gane. Ba a cika akwati da ruwa a zuba kihi ranar nan. Kashin kihi shina zama guba cikin ruwa, kuma abin da ke cinye gubar wasu ƙwayoyi ne da ido bai gani, suna zama cikin soson filtir, injin da ke tace ruwan ke nan. Sai an ba su lokaci sun yaɗu. Ana barin akwati babu kihi, ana ɗan barbaɗa abincin kihi shi ruɓe don su samu abin ci, sati huɗu, wani lokaci har shida. Ana ɗibar ruwan a ɗiga mishi maganin gwaji, in ya yi tsanwa da sauran guba, in ya yi ruwan ɗorawa to ya nuna. Wanga abu na san shi kamar sunana. Kullum ni ke hwaɗa ma masu saye.

To konje, hutun aiki ke nan, na kwana biyar kaɗai anka ba ni. Kuma duk wanda ya san hanyar nan ya sani, mun tsaya Baleyara ranar kasuwa awa biyu, ga shingaye, ga gilashi ina rungume da shi kamar jinjiri. Raina yac ce min, wai sai kin sake wagga tahiya bayan sati shida? Ina isa kuma nit tarar Kawu ya riga ya hwaɗa ma abokan hirarshi kihi na zuwa ran Juma'a, shina nuna ni shina cewa "ga injiniyarmu ta Yamai." Ta yaya zan ce ma tsohon nan shi zauna wata ɗaya da rabi shina kallon ruwa babu komi? Haka nih hwaɗa ma kaina. Gaskiyar ita ce son a yaba min ne, da ƙyuyar hanya.

Cikin jakata akwai wata 'yar jakar raga da hwararen tsakuwa ciki, zeyolit muke ce mata. Aikinta ta shanye guba, ta gaggawa ce, in akwati ya ɓaci. Patron ɗinmu, mai butik ɗin, abu biyu yake nanata muna kanta. Kar a sa ta sabon akwati, don za ta shanye abincin ƙwayoyin nan su kasa yaɗuwa, gwaji shi nuna lahiya alhali ƙarya ne. Kuma kar gishiri shi taɓa ta, don gishiri shina sa ta amayar da duk abin da tas sha. Kawu na masallaci nib buɗe filtir, nic cusa ta ƙarƙashin soso, nir ruhe. Bayan kwana ukku niɗ ɗiga gwaji gaban kowa, ruwa yay yi ɗorawa tas. Kawu har tahi yay yi min.

Inna na nan, don kullum da hantsi tana tasowa daga unguwarsu ta kawo ma Kawu hura. Tas sa yatsa cikin ruwan, tas sunsuna, tac ce, "Ruwan ga ɗanye na." Nic ce, "Kai Inna, dahwa shi za mu yi?" Tac ce, "Ke, sabuwar randa ma kwana nawa nike jiƙa ta ina zubarwa kahin in bari ku sha? Ke kwana ukku kin ce ya nuna. Dabbobin ga ba su daɗewa ciki." Kawu yay yi dariya yac ce, "Yaya, wanga ilimin boko na, ba na iskokinki ba." Don Inna 'yar bori ce tun tana yarinya, har yanzu in anka yi wasa ƙauye tana zuwa, Kawu bai so amma bai taɓa hana ta gidanshi ba. Ni ma niy yi dariya. Ni da nis san tsohuwar nan ita kaɗai tah hwaɗi gaskiya tsakar gidan.

Kihi goma sha biyu anka aiko da mota, niz zuba su, nik koma Yamai. Kawu yar raɗa musu sunayen tsohin 'yan lakkwal ɗinshi, wani ja mai tumbi yas sa mishi Direkta. Kullum sai ya turo min saƙon murya, "Yau Direkta ya kori kowa wurin abinci." Nic ce a raina shi ke nan, na sha.

Sati na ukku yak kira ni da rana, ina tsakiyar masu saye. Wai kihi sun taru bisa ruwa suna buɗe baki, ba su ci. Tsakuwar ta ƙoshi ke nan, ƙwayoyi kuma babu, amma wallahi lokacin ko tuna ta ban yi ba. Nih hwaɗi abin da muke hwaɗa ma kowa in kihi ya yi laushi, a sa gishiri. Hannun Kawu na rawa tun ciwon, matarshi Hajiya ta hita, sai nic ce, "Ba Inna waya." Nic ce mata cokali goma. Ita kuma ta hito daga kasuwa ke nan da gishirinta ƙulle bakin zane, shi tak kwance taz zuba. Daidai nan Hajiya tad dawo, tag ga Inna tsaye kan akwati tana zuba hwarin abu daga ƙulli.

Da sahe anka turo min hoto. Duka goma sha biyun, ciki bisa. Ina ganin hoton nit tuna da tsakuwar, niz zauna ƙasa cikin butik.

Sai ga kiran Kawu, ya buɗe murya kowa na ji. Yac ce, "Ɗiyata, ke kinka san aikin ga. Hwaɗa min tsakani da Allah, gishiri shina kashe kihi?" Na ji tarin Inna kusa, na san tana wurin. Jama'a, kalma nawa ce? In ce Kawu akwai abin da nis sa. Bakina yac ce, "A'a Kawu, gishiri bai kashe kihi." Sai muryar Hajiya, "To kun ji. Ba gishiri na taz zuba ba. Wa yac ce ba su daɗewa? Ba da bakinta tac ce ba?" Inna tac ce, "Ɗiyata, hwaɗa musu ke kinka sa ni." Nic ce, "E, na ce a sa gishiri." Nan nit tsaya. Kawu yac ce, "Yaya, abu guda da ke sanyaya min rai. Tahi gida. Kar ki sake tako min nan sai na neme ki."

Wata biyu ke nan. Kun san gari, magana ta zagaya. Mata sun bar sayen hurarta. In ta biyo layi ana janye yara. Ɗiyar Kawu ta haihu sati biyu da sunka wuce, Inna da tay yi ma kowane jinjirin gidanmu wankan hwari, har ni, ba a aika mata ba. Ran suna taz zo tat tsaya ƙohwa da turmin zanen da tas saya, anka karɓa daga waje.

Abin da ya hi ci min rai, ba ta taɓa tuhumata ba. Ran nan tak kira ni tac ce, "Ɗiyata, ko na cika gishirin na? Goma kinka ce, goma nis sa. Amma idon ga nawa ba shi gani sosai yanzu, wataƙila hannuna na." Tsohuwa tana neman laihi jikinta don kar shi zama nawa. Kun san abin da nic ce? "Bar shi Inna, ƙaddara ce." Wace irin ɗiya ce ni? Matar da tas saida akuyarta tas saya min kayan lakkwal. Yanzu wai da an gama girbi za ta koma wurin dangi wani ƙauye can Tondikandiya, ta ce ƙahwarta ta gaji da garin. Ba ƙahwa ba ce, na sani.

Ga inda nike yanzu. Kawu ya zubar da ruwan, ya luluɓe akwatin da zane, ba wanda yat taɓa filtir. Ya ce in zo ran Asabar mu sake haɗawa, kuma wanga karo zai tsaya kusa da ni in nuna mishi komi ɗaya bayan ɗaya, wai shi ma shi koya. Jakar tsakuwar na nan ƙarƙashin soso. Ba ta kai tahin hannuna ba, in na so zan dunƙule ta cikin mayahi ko ƙyal bai gani, in yi aikin daidai, kihi su rayu, kowa shi ce ai ga shi, da Inna ba ta shigowa lahiya lau. In kuma na aza ta gabanshi na hwaɗi komi, ina tsoron jininshi shi hau, mutumin da yak kori yayarshi kan maganata. Ina tsoron bakin Hajiya. Ina tsoron idon Inna ya hi duka, ranar da za ta gane tun hwarko na sani.

In hwara zuwa wurinta ne, ko wurinshi? In tara su duka, tunda gaban kowa anka kore ta? Kuma matan da sunka bar sayen hura, su wa zai bi gida gida shi hwaɗa musu?

Jiya ta turo saƙo da wayar maƙwabciya. Wai in na iso in biyo ta wurinta tukuna, ta tsinko zogale za ta yi min kopto yadda nike so, tunda ita ba ta iya kawo min can gidan Kawu.

Motar Asabar ƙarhe shida take tashi, na riga na yanki tike. Don Allah ku hwaɗa min, mi zan yi?